Shawarwarin jama'a kan aikin mai ba jiragen ƙasa hanya a Amurka

Ga abin da na tsinto daga wata doguwar tattaunawa da jama'a suka yi kan yadda ake shiga wannan aiki da abin da ya ƙunsa:

1. Kusan kowa ya yarda ba sai kana da digiri ba. Natsuwa ake nema. Akwai jarrabawa da gwajin ƙwayoyi, sannan horo na watanni kan dokokin layi.

2. Ka shirya yin ƙaura. Cibiyar kamfanin jiragen ƙasa na BNSF tana birnin Fort Worth, ta kamfanin Union Pacific tana birnin Omaha. Kana zaune gaban alluna da rediyo, jirgin da kake ba umarni yana can wata jiha.

3. Sabon shiga ba ya zaɓen lokaci. Dare da ƙarshen mako duk nasa ne har sai ya kwana biyu a aikin. Dokar tarayya ta tsayar da awa 9 cikin 24 inda ake karɓa-karɓa, amma barci sai ya rikice. Masu iyali sun fi kuka da wannan, kuma ina ganin da gaskiyarsu.

4. An rabu kan gogewa. Wasu sun ce tsohon kwandasta ya fi saurin kamawa tunda ya san layin da idonsa, wasu suka ce wanda bai san komai ba ya fi sauƙin koyarwa.