Zare ya ƙare mini a tsakiyar bargo, wa ta taɓa shiga wannan hali?

Uwar Ƴan Biyu, Garin Malam

Assalamu alaikum ƴan uwa masu riƙon kwarashi. Damuwa ce ta kawo ni. Tun ƙarshen damina na ɗora wa ƙanwata bargo, wadda za a ɗaura wa aure cikin Janairu, don in ta tare cikin hunturun nan ta samu abin rufa daga hannun yayarta. Shuɗi mai duhu ne da ratsin ruwan madara, da kwarashi mai lamba 4 nake saƙa shi. Na sayi ƙullin shuɗi takwas masu giram 100 a Kasuwar Dole ta Damagaram, ina ganin za su kai ni har su yi saura. Yanzu na ci kashi biyu cikin uku, shuɗin ya ƙare ƙarƙaf.

Na koma wurin mai kantin, ya ba ni iri ɗaya, kamfani ɗaya. Da dare na saƙa layi huɗu a hasken fitila, ban ga komai ba. Da gari ya waye na fito da shi tsakar gida, sai ga sabon ya fi tsohon haske, iyakarsu a fili kamar an ja da alli. Tun jiya ko kallonsa ba na son yi. Don Allah duk wadda ta taɓa gamuwa da wannan ta faɗa mini yadda ta yi.

Hajiya ta Birni

Wa alaikumus salam ɗiyata. Ki kwantar da hankalinki, mai kantin bai cuce ki ba. Zare tukunya-tukunya ake rina shi, kamar dai yadda marina ke yi, kuma tukunyar yau ba ta zama daidai da ta jiya ko da hannu ɗaya ya haɗa. Ki duba takardar da ke naɗe da ƙullin. Bayan lambar launi akwai wata lamba ta biyu, wani lokaci an rubuta Lot a gefenta, wani lokaci Bain. Ita ce lambar tukunyar. Tun muna koyo a fuwaye, wato cibiyar koya wa mata sana'a, malamarmu ta hana mu yar da takardar nan sai an gama aiki.

Ni da farin zare abin ya same ni, lokacin jeren ɗiyata ta fari. Na ɗauki alkawarin ƴan shimfiɗu goma sha biyu, na kan tebur, na kan tele da na rufe kwanonin jere, da siririn zaren auduga da ƙaramin kwarashin ƙarfe. Takwas na gama zare ya yanke. Huɗun ƙarshe da na jera su kusa da ƴan uwansu, sai na gane ashe fari ma kala-kala ne, wani fat, wani kamar ya sha hayaƙi. Saura kwana shida biki. Na dafa ganyen shayi a babbar tukunya, na tace sosai, na jiƙa su duka sha biyun da ruwa tukuna, sannan na tsoma su lokaci guda ina juyawa. Suka fito ruwan ƙasa mai haske, duk uwa ɗaya uba ɗaya. Na sa musu ruwan ƙaro kaɗan don su tsaya, na kafe bakin kowanne da allurai a kan katifa har suka bushe. Ko ƙurar hunturu ba ta nuna a kansu kamar yadda take nuna a fari. Sai dai wannan dabarar ta auduga ce. Zaren roban da muke kira ulu ba ya shan shayi, kada ki wahalar da kanki.

Malamar lakkwal, Mirya

Yaya, sannu. Ni a 2023 na sha tawa, bayan an rufe iyaka da Najeriya cikin watan Agusta. Matar da nake saya a wurinta daga Kano take sarowa, kaya suka tsaya, abin da ya rage a kantinta sai launukan da ba mai so. Ina tsakiyar shawul ɗin goyo na jaririyar maƙwabciyata, ruwan hoda. Ga kuma rashin kuran, saƙar dare sai da fitilar waya. Da ƙyar wata abokiyar aikina ta samo mini ƙulli biyu a wurin ƴar uwarta a Matamai, su ma ba su yi daidai ba.

Abin da na yi: na warware kamar layi goma na baya don in samu tsohon zare a hannuna. Sai na riƙa layi biyu da tsoho, layi biyu da sabo, har tsohon ya ƙare, na ci gaba da sabo zalla. Ido iyaka yake kamawa, in ba ta tsaya a wuri guda ba sai ya wuce. Uwar jaririyar har yau ba ta sani ba. Amma bambancin nawa kaɗan ne, in naki ya yi yawa zai fito kamar zane-zane.

Tun daga nan ba na ɗora babban aiki sai na yi lissafi. Ina saƙa layi goma cikakku, in ɗora a sikelin da nake awon fulawar kek, in auna tsawonsu da tef ɗin tela. In layi goma sun ci giram 60 sun ba ni santimita 10, ina son santimita 180, ka ga giram 1,080 ke nan, ƙulli goma sha ɗaya, in ƙara ɗaya na ko-ta-kwana. Kwarashi ya fi saƙar tsinke biyu cin zare, ido ba ya iya ƙiyasta shi.

Ɗan autan Inna, Magarya

Iyayena mata ku yi mini afuwa na shigo cikinku. Ni ban iya saƙa ba, amma a gindin mai saƙa na tashi, ni ke riƙe wa Inna zare a hannu biyu tana naɗewa. Yanzu ina zirga-zirgar Kano, matan unguwa na ba ni saƙon zare in sayo musu a kasuwar Sabon Gari. Roƙona ɗaya ne: ku daina aiko mu da hoto a waya. Sau biyu ina kawo wa matar yayana abin da ba shi ba, don a wayata ja ne, a hannunta ruwan goro. Ku yanko zaren kansa mai ɗan tsawo, ku haɗa da takardarsa. Ni kuma na koyi fitowa da ƙullin bakin rumfa in duba a rana kafin in biya. Yaya, in kina so ki aiko, ranar Laraba zan shiga in Allah ya yarda.

Ƴar Sabon Gari

Ni kam ban goyi bayan warwara ba, kuma ban goyi bayan jiran Kano ba, Janairu ta kusa. Tukunyar da aka rina tun bara da wuya a same ta ko a can. Tanti, ba kin ce akwai ratsin ruwan madara a jikinsa ba? To ai maganin na hannunki. Ki cire layi huɗun nan kawai, ki sa ratsin madara mai faɗi daidai wurin, sannan ki ɗora sabon shuɗin. Shuɗi biyu in ba su taɓa juna ba, ba mai cewa ba ɗaya ba ne.

Haka na yi da bargon ɗana, wanda na saƙa gida-gida, ƴan murabba'i sittin da uku na haɗa. Kore iri uku ne a ciki. Na shimfiɗa su a tabarma na warwatsa su yadda iri ɗaya ba zai taru gefe guda ba, na haɗe su da baƙi. Shi ya sa yanzu na fi son wannan saƙar, kuɗin ƙulli biyu in na samu sai in saya, ba sai na tara na goma ba. Ga shi a zafin Afrilu ba ka ɗora wa cinyarka bargo guda kana saƙa.

Kuskuren da na yi shi ne na biyu, shi nake so ku kiyaye. Wani koren daga rigar sanyi ta bosho, wato gwanjo, na warware shi, ban bincika ko mene ne ba. Ashe ulun tumaki ne na gaske. Ranar wankin farko, da ruwan ɗumi, gidajen da ke da shi suka tsuke suka cure, sauran suka tsaya yadda suke, bargo ya karkace. Sai daga baya aka koya mini gwaji da ashana. A yanki ɗan guntu a ƙona: na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri, auduga ta ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, ulun gaske kuwa ƙaurin gashi yake yi. In za ku sayi rigar bosho don zarenta, ku juya cikinta. Wadda aka yanka aka ɗinke gefenta da keke guntu-guntu za ta ba ku, ku bar ta.

Maman Auta, Zango

Na daɗe ina karantawa ban yi niyyar magana ba. Nawa bargon yana cikin akwati shekara uku ke nan. Mahaifiyata nake saƙa wa, ƙafafunta ba sa son sanyi, ta zaɓi ruwan toka da kanta. Da zare ya yanke na ce sai na samu irinsa sak, don ba na son in ba ta abu mai aibi. Ta ce mini, ke dai ƙarasa da duk abin da kika samu, ɗumi nake so. Na ce ta ƙara haƙuri. Na aika Maraɗi, na aika Yamai. Sanyin shekarar ya zo ya wuce, kafin wani ya zagayo Allah ya karɓi abinsa. Kwarashin yana soke a inda na tsaya, ban iya cire shi ba.

Hajiya ta Birni

Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta. Ɗiyata, ki kawo mini shi Birni ranar da kika ji za ki iya, mu zauna tare. Ina da ruwan toka iri biyu a ajiye.

Uwar Ƴan Biyu, Garin Malam

Amin ya Allah. Maman Auta, Allah ya ba ki haƙuri, na yi hawaye da na karanta. Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci.

Hajiya, na tono takardun a ƙasan jakar saƙa, lambar ta biyu kuwa daban take. Ƙanena na Magarya, na gode, ka huta da wannan saƙon. Na cire layi huɗun bayan azahar, na ɗora ratsin madara, faɗinsa layi shida. Gobe da safe zan koma Dole in ƙaro shuɗi biyu daga kwalin da ya ba ni sabon tun bai ƙare ba, da takardar a hannuna.