Neman shawara: kurabiki na Bulgeriya, a ci ko a bari?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatun likitanci a birnin Plovdiv na ƙasar Bulgeriya. Wata dattijuwa maƙwabciyata ta ce idan Kirsimeti ta zo za ta kawo min kurabiki da maslenki, biskit ɗinsu na biki. Ba na so in mayar mata da kyautarta, amma ban san me ake zubawa a ciki ba. Kuma ina sha'awar in koya in yi mata nawa. Wa ya san kan abin?

Maman Hanan: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, tambaye ta tun kafin ta kwaɓa. Maslenki na gargajiya da kitsen alade ake yi, "svinska mas" suke ce masa, shi ke sa ya narke a baki. Wasu kuma man shanu suke sa, "krave maslo". Tsofaffi sun fi riƙe na kitsen. Ki faɗa mata a hankali, ba za ta ji haushi ba, ƙasar akwai Musulmi Turkawa da Pomak (Musulmi masu yaren Bulgeriya), sun saba da irin wannan tambayar.

Anti Bilki: Kurabiki bai da wuya, ɗan uwan gireba ne, sai dai shi da ƙwai da kindirmo. Ki buga man shanu da sukari, ki fasa ƙwai, ki jiƙa soda a kindirmon har ya yi kumfa, sai fulawa da ɓawon lemun tsami gogagge. Ki mulmula, ki shafa kwaiduwa, ki barbaɗa sukari, ki dasa ƙwayar walnut (wani ɗan itace mai kama da gyaɗa) a tsakiya. Wuta digiri 180 na Celsius, minti 15 zuwa 20. Kar ki murza shi kamar burodi, zai yi tauri.

Ummu Sadik: Anti, ai da yawansu da sodar amoniya (wata sodar gashi mai wari) suke yi. Warinta zai cika kicin, kar ki tsorata, zafin gashi ke kore shi. Ni dai na fi son maslenki, biyu a manne da jam ɗin ɗan itacen plum a tsakani, kuma sai ya kwana biyu a gwangwani yake laushi.

Maman Hanan: Af, kar ki kai mata ranar 24 ga Disamba. Daren nan ba sa cin nama, ƙwai, madara ko man shanu. Bari sai 25.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na yi mata magana, ta ce da man shanu za ta yi nawa, kuma in zo ranar Asabar mu kwaɓa tare.