Fayilolina sun ƙi shiga Ubuntu daga Windows, don Allah a taimaka

Ɗalibar ajin ƙarshe: Assalamu alaikum. 'Yan'uwa kaina ya kulle. Kwamfutar ta Yayana ce, ya ba ni aro da sharaɗin kar in taɓa masa Windows, don duk lissafin shagonsa yana ciki, kuma mutum ne mai faɗa, ko caja ka ɗauka sai Hajiya ta ji labari. Malaminmu kuma ya dage sai a Linux za a yi aikin. Shi ne na sa VirtualBox, manhajar da ke tada wata kwamfuta a cikin Windows, na ɗora Ubuntu 22.04, wani nau'in Linux, a ciki. Fayilolin aikin suna ɓangaren Windows. Na haɗa folda, na kunna Auto-mount, tana fitowa a /media/sf_aiki, amma da na buɗe sai ta ce "Permission denied". Jawo fayil da linzami ma ba ya yi. Ranar Litinin zan miƙa.

Injiniya: Wa alaikis salam. Ƙanwata, ba ki sa Guest Additions ba, wato ƙarin manhajar VirtualBox da ake sa wa a cikin Ubuntu, magana ta ƙare. Kuma gaskiya ki bar wahalar nan, ki raba hadis ɗin kwamfutar (hard disk) biyu, ki sa Ubuntu a gefen Windows. Duk wanda ya san aiki haka yake yi.

Ɗalibar ajin ƙarshe: Oga, ai na faɗa a sama, ba tawa ba ce. In na raba masa hadis, ina zan kwana?

Malam mai koyarwa: Injiniya, a yi haƙuri, tunda foldar ta fito da sunan sf_ ai Guest Additions na aiki. Matsalar izini ce: VirtualBox yana mallaka foldar ga rukunin vboxsf, ita kuma ba ta ciki. Ki rubuta `sudo usermod -aG vboxsf $USER`, sannan ki fita daga asusunki ki sake shiga. Batun jawo fayil kuma, Ubuntu 22.04 da tsarin nuna allo na Wayland yake tashi, ki gwada zaɓar ɗaya tsarin, Xorg, a wurin shiga.

Ɗan Kantin Kwari: Ni dai nawa Yayan da na ba shi tawa aro, da allo a fashe ya dawo min da ita, har yau ko sannu. Yayanki yana da gaskiya wallahi.

Injiniya: Ko ta buɗe, wahala na gaba. Irin wannan folda ba ta yarda da symlink, wato fayil mai nuni zuwa wani fayil, ranar da ta yi npm install (umarnin sauke kayan haɗa manhaja) a ciki za ta dawo nan da kuka. In ba za ta raba ba, ta sa WSL2, mai tafiyar da Linux a cikin Windows, ta sami fayilolinta a /mnt/c. Ni na gama magana.

Maman biyu: Ba filashi ne? Ki kwafa, ki haɗa shi da Ubuntu ta Devices sannan USB. In VirtualBox ɗinki bai kai 7.0 ba, sai kin sa Extension Pack kafin USB 2.0 ya yi. Wanne gare ki?

Ɗalibar ajin ƙarshe: Filashi ba zai yi min ba Anti, kullum ina gyara fayilolin, ba zan yi ta zarya ba. WSL kuma taɓa Windows ne. Malam, na rubuta abin da ka ce, bai nuna komai ba, foldar har yanzu a kulle.

Malam mai koyarwa: Ba ya nuna komai dama. Kin fita kin sake shiga? Rubuta `groups` ki turo mana abin da ya fito.

Injiniya: Ai na faɗa.

Ɗalibar ajin ƙarshe: An ɗauke wuta, kuma Yaya ya aiko a kai masa kwamfutar shago.