Wata rana ta tashi, wata rana ta ƙi: me kuka tarar a taku motar?

Mai Tsohuwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Motata otomatik ce, ta kwana biyu. Da safe murɗa makulli ɗaya take tashi, amma in na yi tafiya na tsaya, sai in dawo in murɗa ta yi "ƙas" sau ɗaya ta yi shiru, alhali fitilun dashbod duk sun kama. In na kai ta gareji kuma sai ta tashi lafiya lau kamar ba ita ba. Wanda ya taɓa fama da irin wannan ya faɗa mana abin da ya tarar.

Direban Dare: Wa alaikumus salam, Malam. Tawa kan batir ne. Farin gari ya taru a jikinsa, ga shi da hannu ma ana iya juya shi. Aka goge, aka ɗaure da sifana, shi ke nan. Ka kunna fitilar gaba sannan ka murɗa makulli. In hasken ya dushe sosai, batir ne ko haɗinsa. In bai ko girgiza ba, wuta ba ta shiga kik, wato na'urar da ke juya inji ya tashi.

Rewaya: Yallabai, duk wanda ya zo mini da "mota ta ƙi tashi", tambayar farko ita ce: injin yana juyawa ya ƙi kamawa, ko ba ya juyawa sam? Ciwo biyu ne daban. Naka na biyun ne, don haka ka manta da fulogi da famfon mai tukuna.

A sa mita a batir. Mai lafiya yana ba da wajen volt 12.6 in mota na kashe, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba lokacin kik. In inji na aiki a ga 13.8 zuwa 14.4, alamar altaneta na caji. In duk wannan daidai ne, sai a bi wayar as, wato mai kaurin nan da ta taso daga batir zuwa bodi da inji. Na sha yanka robarta in tarar cikin ya zama kore, daga waje kuwa kamar sabuwa. Gwajinta ba wuya: ranar da motar ta ƙi, a ja wayar jampa daga kan batir mai alamar ragi zuwa ƙarfen inji. In ta tashi, an kama ɓarawo.

Amma "ƙas" guda in mota ta yi zafi ya fi kama da solinoyid ɗin kik, wato makunnin da ke sakar wa kik wuta. Akwai tagulla biyu a ciki da ke haɗa babbar wuta, su ne ke cinyewa su yi rami. A kik da yawa ana canza su kaɗai.

Maman Biyu: Ni dai ba kik ba ne. Shiru take yi a P, in na taka birki na mayar da giya N sai ta tashi. Ashe makunnin da ke shaida wa mota inda giya take ne ya tsufa. Ka gwada, ai ba ka asarar komai.

Rewaya: Gaskiyarki Hajiya, sai dai irin wannan yawanci kik ba ya ko motsi. Shi ya sa nake so ya gane inda ƙarar take fitowa. Ƙaramin "ƙis" daga akwatin fis rile ne, wato ɗan makunnin da ke tura wa solinoyid wuta, mai nauyi daga ƙasan inji kuwa kik ne.

Ɗan Kasuwa: Tawa ɗaya ciwon ne, na faɗa ko zai amfani wani. Kik na juya inji garau, ta ƙi kamawa, amma sai in ta yi zafi. In ta huce ta tashi. Makanike ya ce famfon mai, aka canza, ba ta sake zani ba. Aka canza kwayil, haka. Wani dattijo ne ya sa ni na buɗe makulli ba tare da kik ba, ya kara kunne wajen tanki, ya ji famfon ya yi gurnanin daƙiƙa biyun nan da ya saba. Sannan ya nuna mini allurar da ke auna juyin inji kwance take, ko ɗaga kai ba ta yi lokacin kik. Sensar kiranshaf, mai shaida wa mota juyin inji, ita ce ke ɗaukewa in ta ji zafi, ƙwaƙwalwar mota ba ta san inji na juyawa ba, balle ta saki wuta da mai. Abin da ya fi ba ni haushi, tsohon famfona lafiyarsa ƙalau.

Direban Dare: Akwai dabarar da muke yi a hanya: wani ya riƙe makulli a kik, kai kuma ka ɗan ƙwanƙwasa jikin kik da sifana. In ta tashi, burushin da ke kai wuta a cikin kik ya ƙare ko solinoyid na maƙalewa.

Rewaya: Tana fid da mutum, amma a hankali. Kik da yawa maganaɗisu ne a ciki, duka mai ƙarfi na fasa shi. Giya a P, birkin hannu a ja, kada sifana ta taɓa babbar wayar wuta.

Mai Tsohuwa, tunda ba ta yi a gaban makanike, ranar da ta sake ka ɗauki bidiyo da waya, dashbod ya fito, ƙarar ta shiga. Ka gwada N, ka gwada fitilar gaba, ka dawo mana da abin da ka gani kafin ka bari a kwance ko ƙusa ɗaya.