Masu daben katakon da ya zo da banish ɗinsa daga kamfani, ya kuke goge naku?

Uwargida:
Salam 'yan uwa. Dan Allah masu daben katako irin wanda ake kawowa a kwali an riga an masa banish tun daga kamfani, kafawa kawai ake yi, ku zo mu ji yadda kowa ke fama da nasa. Namu bai wani daɗe ba amma ya fara yin hazo-hazo, in ka taka sai sawun ƙafarka ya fito raɗau, kuma wlh kullum sai an bi shi da mofa da ruwan sabulu.

Maman yara:
Yaya ai ruwan sabulun nan shi ne matsalar. Gidan da muka shiga haka muka tarar da falon, ya dushe kamar an shafa masa mai, ashe sabulu ne da wani folish mai sa sheƙi suka taru suka yi kauri a kai. Na samo maganin gogewa da aka rubuta na daben katako ne a jikinsa, ina fesawa a kan tsumman mofa mai maikrofaiba, wato mai laushin nan mai ƙananan zare, ba a kan daben ba, sannan na goge bin tsayin katakon. Na sabulun ya fita a hankali, na folish ɗin kam sai da aka kira masu aikin suka cire shi da nasu sinadarin. Yanzu sau ɗaya a sati nake gogewa, sauran ranaku shara ce kawai.

Tsohon kafinta:
Hajiya ni na kafa irinsa da yawa, bari na faɗi abin da nake gani in an sake kirana. Banish ɗin kamfani ya fi wanda muke shafawa a gida tauri nesa ba kusa ba, hawa-hawa ake masa a busar da shi da wani haske na musamman da ake kira UV, yawanci kuma da sinadarin aluminiyam oksaid mai ƙara masa tauri a ciki. To amma kowane falle daban aka shafe shi, tsakanin falle da falle babu abin da ya toshe, ga ɗan kwari da ake fiƙewa a gefensa, nan ruwa yake kwanciya ya sulale ƙasa inda babu kariya, katako ya sha ya kumbura, gefunan su ɗago tsakiya ta lotsa. Duk gidan da na je na tarar da haka ko dai bokiti ake shiga da shi, ko firij na ɗiga, ko tukunyar fulawa an ajiye ta kai tsaye a ƙasa. Tsumma in ka matse ka ga yana ɗiga to bai matsu ba, ya kamata wurin da ka goge ya bushe cikin minti ɗaya ko biyu.

Amaryar gida:
Ni fa khal nake ɗan ɗigawa a ruwa kuma ban ga komai ba gaskiya, yana fita tas.

Tsohon kafinta:
Ƙanwata ba yau za ki gani ba. Khal asid ne, kaɗan-kaɗan yake cin sheƙin, ranar da kika ɗaga darduma kika kwatanta wurin da sauran ɗakin za ki gane. Bilic da amoniya su ma kar a kusance su.

Baban gida:
Mu namu mofa mai tururi ce ta yi mana aika-aika, kyauta aka kawo mana ita mai aiki ta ji daɗinta tunda ba sai an sunkuya ba. Bakin fallayen wajen kicin sun yi fari-fari, banish ya fara ɓarewa, da na ɗauko takardar garanti sai ga shi ɓaro-ɓaro an rubuta tururi yana soke garantin. Sa'ar da muka yi akwai ragowar fallaye a sito, aka cire waɗanda suka lalace aka sa sababbi. Duk wanda zai kafa ya ajiye ko kwali ɗaya ne, in ka koma saye daga baya da wuya kalar ta zo daidai.

Maman yara:
Wani abin da ba a cika lura da shi ba yashi ne. Shi ke yin ƙananan karcen nan da sai rana ta hasko ake gani, ana taka shi yana gurzar banish kamar samfefa. Na sa abin goge ƙafa waje da cikin ƙofa, na manna ɗan soso mai laushi a ƙafar kowace kujera, shi ma sai ana dubawa dan yashi na maƙalewa a jikinsa. Injin zuƙe ƙura kuma a kashe burushin nan mai juyawa na kafet. Takalmi mai tsini kam babu ruwansa da banish, katakon kansa yake lotsawa.

Ɗan haya:
Ni abin da ya tsorata ni lokacin da iska ta bushe sai na ga tsaga ta buɗe tsakanin fallaye har ƙura na shiga, na ɗauka aikin ne bai yi ba, damina na sauka suka koma suka haɗe. Masu yin katakon suna son danshin ɗaki ya tsaya wajen kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, na sayi ɗan agogon auna danshi na rataye. Sai darduma mai roba a ƙasanta, ta bar min tabo a bakin gado har yau yana nan. Rana ma tana canza kalar katako, shi ya sa nake ɗan matsar da kaya lokaci-lokaci.

Uwargida:
Allah ya saka da alheri. Baba kafinta, in ya riga ya karce fa, a sa masa kaki, wato wax ɗin da ake shafa wa daɓe, ya ɓoye?

Tsohon kafinta:
A'a Hajiya, kaki ba na mai banish ba ne, santsi zai yi ya riƙe datti, kuma duk ranar da za a ƙara masa sabon shafe ba zai kama ba. Ƙaramin karce akwai alƙalami mai kalar katako da ake bi da shi. In ya yi zurfi a canza fallen. Gurje shi duka sai an duba irinsa tukun, katako zalla mai kaurin milimita 19 yana ɗaukar gurza sau da dama, amma mai hawa-hawa wanda samansa kawai ne katako mai kyau wani sau ɗaya zai ɗauka, wani ko ɗaya ba zai ɗauka ba. Ki fara duba kwalin ma, akwai wanda mai aka shafa masa maimakon banish, shi sabulunsa daban ne.