Muhawara a zauren 'yan Kabi: sauyin yanayi ne, ko dam ake sako muna?

Ɗan Augie: Salamu alaikum jama'a. Jiya na ji a rediyo ana ta zancen wai sauyin yanayi ne ke cinye muna shinkafa. Ni dai in hwaɗa muku gaskiya ban yarda ba, zancen Turawa na da masu neman kuɗin zaman taro. Ruwan da ya ci gonata a 2020 ba daga sama ya zo ba, kwana ukku ko yayyahi ba a yi ba garinmu, mun kwanta lahiya da asuba munka iske fadama ta koma gulbi, shinkafa ta hidda kai sai dai ka ga bakin ganye bisa ruwa. Dam anka saki, ku kira abu da sunanshi.

Malamin Firamare: Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya mayar da alheri. Amma tambaya ɗaya, me ya cika dam ɗin? Goronyo na kan gulbin Rima, Bakolori na kan gulbin Sakkwato, ruwan da ke shiga cikinsu daga Zamfara da Katsina yake, har da wanda ke zagayowa ta Maraɗi. In an tafka ruwa can dole ya gangaro, kuma in dam ta cika ba a buɗe ba fashewa za ta yi, ka tuna dam ɗin Alau da ta fashe a Maiduguri, Satumban 2024. Rashin ruwa a Augie bai nuna ba a yi shi a sama da ku ba.

Maman Ikram: Ni na ji ance Kamaru ce ke sako mana.

Malamin Firamare: A'a Hajiya, dam ɗin Kamaru, wato Lagdo, kan kogin Binuwai take, su Adamawa da Taraba da Binuwai take shafa. Mu na Yauri da Bagudo ruwan Neja ne, tun daga Gini ta Mali ta Yamai.

Baba Liman: Yara ku ji tsoron Allah. Ruwa da fari duk na Allah na. Kakanninmu sun ba mu labarin yunwar Kakalaba ta 1914, ni da idona na ga farin 1973 da na 1984, shanu na hwaɗuwa bakin hanya, mutane na tonon gidan tururuwa neman tsaba. Lokacin mota nawa ag ga ƙasar ga? Wane hayaƙi? In ruwa ya ɗauke a hita roƙon ruwa a tuba, shi ke nan.

'Yar Zuru: Baba Allah ya ƙara girma, ba musu nake da kai ba, ɗalibarka ce. Amma ai a bakinku muka ji ayar Suratur Rum, cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. To ni abin da hannu ya aikata ina ganinsa kullum, tireloli shaƙe da buhunan gawayi suna fita, kiryar da muke tsintar 'ya'yanta muna yara yanzu sai kututture. Wanda ya sare itacen ya ce ƙaddara ce ta kawo zaizaya, anya?

Baba Liman: Wanga kam kin yi gaskiya ɗiyata. Saran icce ɓarna ta, ban ce a'a ba.

Maman Ikram: To ku tsaya, kada a juyo kanmu mata. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, gas ya fi ƙarfinmu, silinda ta na nan ƙarƙashin gado ta zama ma'ajiyar gizo-gizo, da me zan dafa wa yara bakwai tuwo? Duk mai cewa a daina gawayi ya aiko min da kuɗin gas wallahi yau zan daina.

Ɗan Augie: Yawwa Hajiya! Su Amurka da China su cika sama da hayaƙi, Afirka dukanta ko kashi 4 cikin 100 ba ta kai ba, sannan a zo a ce talakan Kabi ya bar murhu.

Malamin Firamare: Hahaha Yaya ka kama kanka. Ɗazu ka ce zancen ƙarya ne, yanzu kuma kana lissafin wa ya fi laifi a cikinsa. Kuma lissafin naka daidai ne. Abin da nake so a gane shi ne abu biyu muke cakuɗawa. Sare itace namu ne, shi ke sa ƙasa ta kasa riƙe ruwa, yashi ya cike gulbi, ruwa kaɗan sai ya yi ambaliya. Ɗumamar duniya kuma ta manyan ƙasashe ce, hayaƙin fetur da kwal ke tare zafi, iska mai zafi kuma ta fi ɗaukar danshi, kusan kashi 7 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya, shi ya sa sai a yi sati biyu ko uku shuka na ƙuna sannan ruwan wata guda ya sauko a dare ɗaya. Baba gaskiya ne an yi fari da can, ba wanda ya ce yau aka fara, amma 2024 ita ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, kuma kowa a zauren nan ya tuna azumin shekarar, mutane na jiƙa zani suna lulluɓa da rana tsaka.

Masuncin Argungu: Ni ban yi boko ba, ruwa na sani. Babana da homa da gora ya ciyar da mu, giwan ruwa da sai mutum biyu sun kama mishi. Yanzu in rani ya yi nisa akwai wurin da yaro ka ƙetarewa ruwa iya gwiwa. Sai dai ba zan ɗora ma sama duka ba, injinan ban ruwa ɗari nawa ka zuƙar gulbin ga kullum, ga masu kamu da raga mai ƙananan ido suna kwashe har 'ya'yan kihi. Kowa na da hannu, har ni.

Ɗan Augie: To ai noman ranin nan gwamnati ta tura mu, nan Birnin Kabi Buhari ya ƙaddamar da bashin manoman shinkafa a 2015.

'Yar Zuru: Yaya tsakaninka da Allah, bashin ne ya sa ka koma rani ko tsoron damina?

Ɗan Augie: Ke dai bari. Tun 2020 ban ƙara zuba dukiyata fadama da damina ba, kashi ɗaya nika shukawa, sauran sai ruwa ya janye in sa irin shinkafa Faro 44 in ja ruwa da inji. Ko gero na tudu na bar yin binne, sau biyu iri na ruɓewa ƙasa, ruwan farko ya sauka ya tsiro sannan sama ta yi shiru. Da can tsohona na duban tsirowar ganyen itace ya ce ku kai iri gona, kuma ba ya kuskure. Amma wannan duka ba shi ne na yarda da zancen Turawa ba.

Malamin Firamare: Kada ka yarda Yaya, gonarka ta riga ka yarda.

Baba Liman: Ku bar shi haka nan, an kira la'asar. Malam in ka samu hasashen damina na bana na hukumar yanayi NiMet ka turo muna da Hausa, ba wanga dogon Turanci ba, ina da 'yar gona Gwadangaji.

Ɗan Augie: A turo har ni. Ba don na yarda ba, dubawa kawai za ni yi. Kuma wa ya san inda ake samun famfon sola da sauƙi? Fetur ya kusa kashe ni.