Shawarwarin masu otel da gidajen abinci a Yamai kan tsadar kaya

A zaman da wasu masu ƙananan otel, gidajen abinci da motocin haya suka yi a Yamai, magana ta fi tsayawa kan wutar lantarki. Lokacin da Najeriya ta katse wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, bayan takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, kowa ya ɗanɗani kuɗin da injin wuta yake ci na gazwal. Dattawan sana'ar sun ce gara a sayi faifan hasken rana kaɗan-kaɗan, a fara da firji da fanka, a bar na'urar sanyaya ɗaki ga ɗakunan da baƙo ya riga ya biya. A ganina, wannan ce shawarar da ta fi nauyi, domin zafin Afrilu da Mayu ba ya ɗaga wa kowa ƙafa.

Game da abinci, tunda kayan da ke zuwa daga Lome ta Burkina Faso suna jimawa a hanya kuma suna iso da tsada, an ba da shawarar rage yawan girke-girke, a dogara da albasar Galmi, shinkafar bakin kogi da kifin kogin Isa, a kuma haɗa kuɗi a yi sari tare.

Baƙin waje sun ragu ƙwarai, saboda haka a nemi bukukuwan aure da suna da tarurrukan ma'aikatu. An yi saɓani kan sallamar ma'aikata. Mafi yawa sun zaɓi aikin karɓa-karɓa, don kada magidanci ya koma gida hannu rabbana.